Taka, Riƙe, Saki

Shekara arba'in da ɗaya ke nan a-kori-kurar tana hannun Alby Tonkin, kuma hannun bakanike bai taɓa shiga cikinta ba. Shi ke yi mata juye, shi ke sauya mata takalman birki, shi ke kwanciya a ƙarƙashinta a kan tsohon buhun dankali yana zaginta yana lallashinta. In ka ce masa ai akwai gareji a Dorrigo, sai ya yi maka kallon wanda ya zagi uwarsa. Aiki ɗaya ne tak ya fi ƙarfin mutum shi kaɗai, wato cire iska daga birki. Dole wani ya zauna a kujerar direba yana taka feda, wani kuma ya kwanta a ƙasa da sifana yana buɗe ɗan notin da man birki ke fita ta cikinsa. Tun ranar da suka sayi motar, matarsa Glenys ce a sama, shi a ƙasa.

Wata uku birkin baya yana yoyo, Alby yana gani yana kau da kai. Ba ƙiwa ba ce, tsoro ne. In ya buɗe birkin dole iska ta shiga, in iska ta shiga dole ya kira Glenys, shi kuwa bai san wace Glenys za ta amsa masa ba.

Shekara biyu ke nan hankalinta yana gushewa kaɗan-kaɗan. Ta taɓa sa takalmansa a tanda. Ta taɓa shiryawa tsaf da jakarta ta ce za ta gaida yayarta, wadda suka binne shekara tara da suka wuce. Shi ya cire makunnin murhun gas ya riƙa yawo da shi a aljihu, shi ya ɗaure ƙofar gona da waya, shi ke yi mata wanka ranar da ta manta yadda ake yi. Bai gaya wa kowa ba. 'Yarsu guda ɗaya, Narelle, tana can Newcastle tana aiki a ofishin wata makaranta, in ta bugo waya ranar Lahadi sai ya ce, "Lafiya lau muke, ruwan sama ne dai ya ƙi ɗaukewa."

Asiri ya tonu ranar wata Litinin da ya manta bai ɗaure ƙofar ba. Maƙwabciyarsu, matar Hegarty, ta tsinci Glenys a bakin titi da silifa, da butar shayi a hannu. Ta dawo da ita har gida, ta yi wa Alby murmushi, ta koma gidanta ta ɗauki waya. Mutanen kirki ke nan, ba sa iya ganin abu su bar shi. Ran Laraba sai ga Narelle da jakar takardu.

Da safiyar Alhamis suka kafta a ɗakin girki, Glenys tana waje tana yi wa kaji magana.

"Baba, kilomita uku fa," in ji Narelle. "Da silifa. Da buta."

"Tattaki ta fita. Laifi ne?"

"Da buta?"

"Ke ba ki taɓa fita da abu a hannu ba ki sani ba? Matar Hegarty ce dai ba ta da aikin yi tun da mijinta ya sayar da shanu."

Narelle ta baje takardun a kan tebur, tsakanin tulun zuma da farantin burodi. Ashe tun bara ta fara zargin wani abu, ta sa sunan uwarta a jerin wani gidan kula da tsofaffi da ke Coffs Harbour, ba ta gaya masa ba. Yanzu ɗaki ya samu. Sun ba ta har ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a ta ce i ko a'a. In ta ce a'a, sunan ya koma ƙarshen layi, layin kuwa ya fi shekara.

Alby ya dubi takardun. Coffs Harbour, sa'a ɗaya da wani abu daga nan, a gangara dutsen nan duka. Ɗaki mai gado ɗaya da ƙofar da ba ta buɗuwa ta ciki. Matar da ta shekara hamsin da huɗu tana tashi ta ga tuddan nan ta tagarta.

"Ba inda za ta," ya ce.

"Kai fa? Shekararka saba'in da tara. Ka dubi wandonka, har sabon rami ka huda wa bel. In ka faɗi a gidan nan wa zai sani?"

"Matar Hegarty mana. Ai ba abin da ke wuce ta."

Narelle ba ta yi dariya ba. Ta dafe goshi ta daɗe, sannan ta ɗago. "To ka nuna min abu ɗaya, Baba. Abu ɗaya tak da Mama za ta fara ta kai ƙarshensa ba ka sa mata hannu ba. In na gani da idona, da bakina zan ce su ba wani ɗakin."

Ya duba ta taga. Motar tana ƙarƙashin rumfa, jar ƙasa ta rine tayoyinta.

"Gobe da safe za mu cire iskar birki," ya ce. "Ki zo ki gani."

Da Narelle ta tafi gari sayayya, ya ɗaga bayan motar da jak ya tokare ta da kututturen itace. Ya cire tayoyin, ya zare tsofaffin takalman birkin da suka cinye saura ƙiris ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Ya sauya ɗan bututun da ke yoyo, ya ɗaura sababbin takalma, wayar da ke jan takalman ta kuɓuce ta tsaga masa yatsa, ya tsotse jinin ya ci gaba har ya mayar da tayoyin. Aikin da a da yake gamawa kafin shayi ya huce, ranar ya cinye masa sa'a uku.

Sannan ya kamo hannun Glenys ya zaunar da ita a kujerar direba. Ya durƙusa ya kama idon sawunta ya ɗora ƙafar a kan fedar tsakiya. Ta kai masa duka a bayan hannu.

"Ni za ka koya wa? Kafin ka san hanyar gidanmu nake tuƙa tarakta."

"Na sani, tsohuwa. Gwadawa kawai za mu yi."

Sau uku suka gwada yana tsaye yana kallon ƙafarta, sau uku ta taka birki daidai. Da ya yi wayo, da a lokacin ya kwanta ya gama aikin, gobe kuma a yi wa Narelle wasan kwaikwayo. Tunanin ya zo masa, ya kore shi. So yake 'yarsa ta ga gaskiya da idonta ta ji kunya. Alby ba maƙaryaci ba ne, a ranar dai.

Juma'a gari ya waye da rana mai kyau, Glenys ma ta tashi da kyau. Ta gane Narelle, ta ce mata ta yi ƙiba, ta ci ƙwai biyu. Alby ya ji zuciyarsa ta yi sanyi. Ƙarfe tara suka fita rumfa. Ya buɗe bonet ya miƙa wa Narelle kwalbar man birki.

"Kin tuna aikinki?"

"In lura da 'yar tukunyar man birkin, kada mai ya ƙare iska ta sake shiga. Tun ina shekara takwas kake sa ni."

"To aƙalla wani abu ya zauna a kan nan naki."

Glenys ta hau kujerarta da kanta, ta gyara madubi duk da ba inda za a je, ta sauke gilashi. Alby ya shimfiɗa buhunsa a gindin tayar baya ta hagu, wadda ta fi nisa, don da ita ake farawa. Ya zuba ɗan mai a gindin wata tsohuwar kwalbar jam, ya maƙala siririn tiyo a bakin notin, ya tsoma ɗaya bakin a cikin kwalbar. Ya ɗora sifana.

"Taka."

"Ɗaya, biyu, uku," in ji Glenys daga sama, muryarta tangaran.

"Riƙe."

"Na riƙe, yallaɓai."

Ya murɗa notin. Ya zuba wa tiyon ido yana jiran mai ya taho da kumfa. Ko ɗigo.

"Ta kai ƙasa," in ji Glenys, daidai lokacin da ya kamata ta faɗa.

Ya ɗaure notin. "Saki." Ya ce a ransa wataƙila datti ne ya toshe hudar. Ya cire tiyon ya zura siririyar waya ya mayar. "Taka."

"Ɗaya, biyu, uku."

A nan ya ji. Can gaba, a gefen akwatin giya, wani ƙarfe yana kukan nan nasa, ƙiii, ƙiii, ƙiii. Kukan da ya shekara goma yana cewa zai sa wa giris. Ko a mafarki aka tashe shi ya san kukan nan. Ya karkata kai ya leƙa ta ƙarƙashin motar, ya ga hannun kuloci yana gaba yana baya. Kuloci take takawa. Kalmomin duk suna bakinta, ba ɗaya da ta ɓace, ƙafar ce ta zame taku ɗaya zuwa hagu.

Ƙasar rumfar tana ratsa buhun da sanyi. Daga inda yake yana hango takalman Narelle a gaban motar. Bonet a ɗage yake, ba ta ganin cikin mota. Abin da zai gyara komai shi ne kawai ya ce, "Glen, ɗaya fedar." Amma Narelle za ta ji, kuma sharaɗin shi ne kada ya sa hannu.

"Kai tsoho, barci ka yi a ƙasan?" in ji Glenys. "Ƙafata ta fara tsami."

Narelle ta yi dariya. Rabonsa da jin dariyarta a gidan nan har ya manta.

"Riƙe," ya ce.

"Na riƙe tun ɗazu."

Ya buɗe notin, ya ƙirga uku a ransa, ya ɗaure. "Ga ta nan tana fita," ya ce da ƙarfi. "Iska kamar me. Saki."

Haka ya bi tayoyin nan huɗu. Yana jan buhunsa daga wannan gindi zuwa wancan, yana buɗe noti yana ɗaurewa a banza, kuloci yana kuka, Glenys tana amsawa tana tsokanarsa. Ta ce da saurayi ne da an gama tuntuni. Ta ce wa Narelle ranar aurensu ma da baƙin mai a farcensa ya zo coci, har kakar Narelle ta yi kuka. Labarin gaskiya ne, kuma ta kawo shi daga farko har ƙarshe ba ta ɓata ko suna ɗaya ba.

Yana kan ta uku Narelle ta yi magana, a hankali. "Baba, man nan bai ragu ba."

Alby ya tsayar da sifanar. Shi da kansa ya ajiye ta a wurin da za ta gani. In birki yana fitar da mai dole tukunyar ta sauka, yarinyar da ta tashi a rumfar nan ta san haka sarai.

"Iska ce ke fita, ba mai ba," ya ce. "Kin daɗe a birni."

Maganar banza ce, ko jaki ba zai yarda ba. Ya jira ta ce haka. Ya jira ta zagayo ta leƙa ta tagar ta ga ƙafar uwarta. Takalman nata suka ɗan motsa, suka yi taku ɗaya wajen ƙofar direba, suka tsaya. Suka koma inda suke.

"To," ta ce.

Da ya fito daga ƙarƙashin ta huɗu, ya ɗaga kwalbar jam da man da shi ya zuba da hannunsa ya nuna mata. Narelle ba ta ko dubi kwalbar ba. Ta je ta rungume uwarta ta taga tana hawaye, Glenys tana bubbuga bayanta tana cewa, "Me aka yi kuma? Birki ne fa kawai."

Sai Glenys ta tafa hannu. "Tunda an gama, mu gangara Urunga mu ci kifi da dankali a bakin teku. Rabona da teku na manta."

"Mu je," in ji Narelle tana share ido. "Ni zan tuƙa. Baba, sauke ta."

Dutsen Dorrigo, da kwane-kwanen hanyarsa, da ramin da ke gefe wanda ba a ganin ƙarshensa, a motar da fedar birkinta za ta nutse har ƙasa ba ta kama komai ba. Alby bai san lokacin da ya sake faɗawa kan buhun ba. Ya jawo tsohuwar roba ya tura ƙarƙashin injin, ya kama notin baƙin mai ya murɗe. Mai ya ɓalle baƙi ƙirin, ya bi hannunsa har gwiwar hannu.

"Juye zan yi mata tukuna," ya ce. "Ai tun jiya na faɗa."

"Ba ka faɗa ba."

"To yanzu na faɗa." Ya jira man ya tsiyaye, sannan ya yi tsaki. "Kash. Sabon man ma bai isa ba, rabin galan ya rage. Sai Litinin."

Cikakken galan yana bayan buhunan abincin kaji, da sabuwar filta a kwalinta. Narelle ta ce to su je a tata motar. Glenys ta ce ita ba ta shiga wannan ƙwaryar, kafin a gama musu kuma ta manta da teku, ta tafi duba ko kaji sun yi ƙwai.

Narelle ta buga wa gidan tsofaffin waya a baranda ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintoci. Alby yana wanke hannu a famfon waje yana jin ta. Ta yi godiya, ta ba da haƙuri, ta ce mahaifiyarta ba ta kai ga haka ba tukuna, ta ce i, ta gane, ƙarshen layi. Da ta kashe wayar ta sauke ajiyar zuciya, fuskarta ta washe kamar wadda aka sauke wa kaya.

To ya ci nasara. Ya tsaya yana goga sabulu a hannun da ya riga ya fita, yana jiran daɗin ya zo, bai zo ba. Haushi ne ya zo, haushin Narelle. Ta gani. Ya rantse ta gani. Taku biyu ne tsakaninta da tagar nan ta ƙi yi, domin in ta leƙa ita ce za ta zama 'yar da ta raba uwarta da gidanta, ita ce za ta haɗa kayan a akwati, ita Glenys za ta kalla ranar da aka rufe ƙofar. Ya miƙa mata ƙarya mai rami ta ko'ina, ta karɓa hannu biyu ta yi godiya. Kuma abin da ya fi ci masa rai, wanda ba zai gaya wa kowa ba har ya mutu, shi ne lokacin da takalman nan suka yi taku ɗaya wajen ƙofar, ya ji sauƙi. Ya so ta kama shi. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya magani.

Sun ci abincin rana da sauran naman rago na jiya. Ƙarfe biyu Narelle ta sa jakarta a mota, tana da tafiyar sa'a biyar a gabanta. Ta sumbaci uwarta, ta zo gabansa ta tsaya tana wasa da makulli.

"Ka yafe min, Baba. Na ɗauka abin ya fi haka."

"Ba komai."

"In wani abu ya sauya za ka gaya min, ko?"

"Zan gaya miki."

Ba ta dubi idonsa ba, shi ma bai nemi nata ba. Ya buɗe mata ƙofar gona, ta wuce, ya ɗaure da waya sau biyu.

Glenys ta yi barci a kujerar baranda da bargo a cinya. Alby ya koma rumfa. Ya fito da galan daga maɓoyarsa, ya cire tsohuwar filta, ya shafa wa robar sabuwar ɗan mai da yatsa ya ɗaura, ya mayar da noti, ya zuba mai ya auna. Wannan mai sauƙi ne. Saura birki. Maganin Glenys zai ƙare ran Litinin, gari kilomita goma sha tara ne, kuma ba wanda zai iya kira. In ya kira Hegarty ya taka masa feda, Hegarty zai tambayi ina Glenys, matarsa kuma za ta ɗauki waya kafin ya gama cire takalmi.

Ya ɗauko ƙotar wani tsohon shebur, ya auna daga fedar birki zuwa gaban kujera, ya yanke da zarto. Ya taka fedar sau uku, ya danne, ya tokare ta da ƙotar. Ya zagaya bayan motar, ya durƙusa, ya kwanta, ya ja jiki, ya buɗe noti. Mai ya taho da kumfa fal. Ya ɗaure, ya ja jiki ya fito, ya dafa taya ya miƙe, ya zagayo, ya cire ƙotar, ya sake takawa. Abin da baki ke yi da kalma uku, yanzu sai ya tashi ya kwanta. Kowace taya tana son haka kamar sau takwas. A karo na uku ƙugunsa ya riƙe, sai da ya yi rarrafe.

A karo na biyar ya fito ya tarar da Glenys tsaye a bakin ƙofar direba, ƙotar a hannunta. Bargon yana jan ƙasa a bayanta.

"Mene ne wannan?"

"Ƙota ce. Ba ni, Glen."

"Na ga ƙota ce, ba makauniya ba ce ni. Me take yi a wurina?"

Idanunta a tsaye suke, tas, irin na da. Wata da watanni yana roƙon ya ga idanun nan, sai yau suka ga damar zuwa.

"Barci kike yi, ban so in tashe ki ba."

"Shekara arba'in ina taka maka. Da cikin Narelle na taka maka, da karayar hannu na taka maka. Yau kuma icce ya fi ni?" Ta ɗaga ƙotar. "Alby, me na yi? Gaya min. Na ɓata wani abu ne?"

Ga dama ta samu. Tana nan gabansa da hankalinta, ita ce mutum ɗaya a duniya da bai taɓa ɓoye wa komai ba, in ya faɗa za ta gane. Za ta gane duka, har da abin da ke jiran ta, ta yi kuka, zuwa anjima ta manta dalilin ta ci gaba da kukan.

"Ba ki ɓata komai ba," ya ce. "Wauta ce tawa."

"Wauta kam." Ta wurgar da ƙotar cikin ciyawa, kaji suka watse. Ta hau kujera ta ja ƙofa ta rufe. "Koma ƙasa. In za a yi abu a yi shi yadda ake yi."

Ya koma. Ya kwanta a kan buhun, ya duba agogonsa ba don yana son sani ba, ƙarfe huɗu ta wuce da minti goma. Bai ɗora sifanar ba ma, ya ajiye ta a kan ƙirjinsa.

"Taka," ya ce.

"Ɗaya, biyu, uku."

Ƙiii, ƙiii, ƙiii.

"Riƙe."

"Na riƙe. Ta kai ƙasa. Iska na fita kuwa?"

Ya dubi tiyon. Ɗan man da ƙotar ta turo yana tsaye a ciki, da kumfa guda ɗaya a tsakiya, ba ta gaba ba ta baya.

"Tana fita."

"To ka gani," in ji Glenys, muryarta cike da jin daɗi. "Ba don ni ba, ai da tuni ka faɗa ramin dutsen nan. Saura taya nawa?"

Alby ya goge fuska da hannun riga, baƙin mai ya shiga masa ido.

"Saura uku," ya ce. "Saki."